Sallahu Zuwa Manitoba

Ranar da Muniratu ta ji cewa Edwin zai tafi Manitoba, ba ta tambayi abin da zai kai shi ba. Ranar tashinsa kawai ta nema.

Su biyu ne kaɗai masu jin Hausa a makarantar. Ita 'yar Nima ce ta birnin Akra, tana rakiyar yara a motar makaranta safe da yamma, da rana kuma ta taya malaman ƙananan azuzuwa. Shi ɗan Jos ne, shi ke kula da kwamfutoci da lasifika da duk wata waya da ta bi ta cikin bango. Makarantar ta 'ya'yan masu hali ce, can bayan Dubai inda gine-gine suka ƙare, yashi ya karɓa. A bana wata ƙungiya ta gayyaci malamar kimiyyarsu zuwa arewacin Kanada, ta je ta ga fararen beyar, manyan namun dajin ƙasar ƙanƙara, a inda suke rayuwa, ta yi wa ɗalibai darasi kai tsaye daga can. Malamar ba ta iya haɗa ko waya ɗaya ba, sai aka ce Edwin ya bi ta da kyamara.

Ana gobe zai tashi, Muniratu ta same shi a ɗakin kayan aiki yana naɗe igiyoyin waya. Ta dire masa ƙunshi a kan tebur, an naɗe shi da leda kan leda, an ɗaure da salatif har ba a ganin komai sai hoton wani saurayi da aka manna a sama.

"Oga Edwin, ga sallahu."

"Hajiya Muni, bom za ki ba ni in shiga jirgi da shi?"

"Shito ne, kwalba biyu. Da suwaita da safa. Na ƙanena ne, Kamil. Yana Manitoba."

Edwin ya ɗaga ƙunshin ya shinshina, ya yi atishawa. Shiton da hannunta ta soya shi, barkono da busasshen kifi da jatan lande, a kicin ɗin filat ɗinsu na unguwar Karama. 'Yan Filifin ɗin da suke zama tare sai da suka gudu baranda suna tari.

"Yana Manitoba a ina?"

"A Manitoba mana. In ka sauka, ka tambayi inda 'yan Gana suke zama. In ba ka samu ba, ka je masallaci."

"Ni Edwin, masallaci?"

"Cinye ka za su yi? Ka tsaya a bakin ƙofa ka nemi sarkin zango. Ka ce Kamil ɗan Mma Hamamatu mai wake da shinkafa, ta bayan babbar kwata."

"Hajiya, Manitoba ba gari ba ne. Ƙasa ce guda. Ta kusa ninka Gana sau uku."

"Ei, ku 'yan Najeriya da cika baki. Kumasi ma babba ce. Amma ka sauka tasha ka faɗi sunan mutum da na uwarsa, kafin ka sha ruwa an kai ka ƙofar ɗakinsa."

Haka ta sani, kuma haka ne a duk inda ta taɓa zuwa. A zango ba a barin matafiyi ya tafi hannu rabbana. Mai zuwa Legas ya tafi da sallahun Legas, mai zuwa Makka da na Makka, kuma ba a taɓa jin sallahu ya rasa mai shi ba, don ko'ina akwai wanda ya san wanda ya sani. Ita kanta ranar da ta sauka Dubai, sunan mutum ɗaya ta faɗa a wani shagon aika kaya a unguwar Deira, kafin la'asar ta samu gadon kwana.

"Ka sa masa a hannunsa," in ji ta. "Kada ka ba kowa ya kai masa."

Edwin ya dubi hoton. "Yaushe rabonki da jin muryarsa?"

Ta ɗauki wata igiyar waya ta fara naɗewa, ba daidai ba. "Ya ɗan kwana biyu."

Shekara huɗu ke nan har da ɗoriya.

Kamil ya bi hanyar da samarin Nima da yawa suka bi. Jirgi zuwa Barazil, daga nan ƙafa da mota da kwalekwale har Amurka. Can aka tsare shi, aka sake shi, aka ce ya shirya komawa gida. Sai ya ji cewa Kanada na karɓar mutane, in dai ka shiga da ƙafarka. Ya kira ta wata safiya tana cikin motar makaranta, yara na ihu. Ya ce mai tasi ya sauke shi a bakin wata gona, ya nuna masa wasu fitilu can nesa, ya ce ya miƙe, da ya kai su ya shiga Manitoba. Iska na buga wayar. Yana dariya, ya ce sanyin wurin kamar an kulle mutum a firjin kifi na Tema. Kambas ne a ƙafarsa. Ta ce ya kira ta in ya isa.

Ba ta ɗauki shirunsa da zafi ba da farko. Ta san halin ƙanenta. In abu ya ƙi masa, ɓoyewa yake yi. Ya taɓa ɓacewa a Abijan shekara guda cur, aka yi ta kuka, sai ga shi ranar Sallah da sabon agogo. Wannan ta riƙe, shi take faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Amma Kamil ya bar matarsa a gida. Fatimah tana zaune a ɗakinsa, tana taya Mma tuƙa tukunya, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Da shekara huɗu ta cika, liman ya aiko cewa shari'a ta ba da dama: a yi masa sallar gawa ba gawa, Fatimah ta shiga takaba, in ta fita ta san inda ta nufa. Mma Hamamatu ta ce ta ji. Amma kunnen da ya ji muryarsa na ƙarshe na Muniratu ne, kuma ba za a shimfiɗa tabarmar makoki ba sai Muniratu ta ce a shimfiɗa. Tun daga nan kowace Juma'a Mma ke kira. A yi hirar tsadar gawayi, da ciwon gwiwa, da wanda ya yi aure. In hira ta ƙare sai Mma ta yi shiru, ba ta kashe waya ba. Muniratu ma ta yi shiru. Wani lokaci takan ji motsin Fatimah a kusa.

Edwin bai san duk wannan ba, amma ɗan Jos ne, ya san yadda mutum ke cewa an kwana biyu. Ya buɗe jakarsa ya ture wasu kaya, ya sa ƙunshin.

An sa darasin bayan magariba, don sai lokacin gari ke wayewa a can. Aka cika babban zaure da yara da iyayensu. An yanka wa ƙanana kunnuwan beyar na takarda, ana rabon gugguru. Na'urar sanyi na aiki kamar kullum, har wasu matan sun yafa mayafi. Muniratu ta tsaya baya kusa da ƙofa, tare da masu shara da direbobi.

Aka kashe fitilu. Allon bango ya yi fari.

Ta ɗauka hoton bai zo ba tukuna. Ta jira. Sai ta lura da wani siririn layi ya ratsa tsakiyar farin, sama da shi toka-toka, ƙasa da shi fari fat. Sannan ta ji iska a cikin lasifika, ta gane ta. Irin wadda ta buga wayar Kamil ce.

Kyamara ta juya, fuskar malamar kimiyya ta fito, hancinta ja wur, tana ɗaga hannu cikin safar hannu mai kauri. Yara suka yi ihu. Ta ce suna cikin wata mota mai kama da bas, tayoyinta sun fi mutum tsawo, kuma an hana kowa taka ƙasa. Wannan fili, in ji ta, shi ake kira tundura. Itace ba ya tsayuwa a nan. Can gaba teku ne. Beyar ɗin sun taru a bakinsa suna jira ya daskare su hau su yi farauta. Watanni ke nan ba su ci abin kirki ba, kuma ƙanƙarar tana ƙara makara. Edwin ya jawo hoton kusa. Wani tudun da ta zaci dusar ƙanƙara ce ya ɗaga kai, ya sake kwantar da shi.

"Ba sa yawan motsi," in ji malamar. "Suna tattalin ƙarfinsu. Jira kawai suke yi."

Muniratu ba ta beyar take ba. Duk lokacin da kyamara ta zagaya, idonta na bin gefen allon. Tana neman titi. Tana neman falwaya, ko hayaƙi, ko rumfar mai shayi, ko kare. Duk inda mutane suke akwai alamar da suke bari, ko a hamadar bayan makarantar nan za ka ga ledar ruwa da sawun taya. Kyamara ta yi gabas, ta yi yamma. Ta sake zagayowa. Abu ɗaya ne, kamar ba a juya ta ba.

To wa za a tambaya?

Sai ta gan shi. Can nesa, daidai kan layin nan, wani abu a tsaye. Dogo, kafaɗunsa a sake, hannuwansa a gefe. Mutum ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙasa, irin naɗin da ake yi wa wanda ba zai sake canza kaya ba. Yana tsaye yana duban motar. Ta kama hannun matar da ke kusa da ita, wata 'yar Nefal mai shara, ta matse.

Mutumin ya sunkuya ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya zama beyar.

"Kun gani?" Muryar malamar ta tashi. "Ta miƙe ne don ta shinshini iska. Ta ji ƙanshin wani abu. Ga ta nan zuwa!"

Ta taho ba gaggawa, kai a ƙasa, tana jefa ƙafafun gaba ciki-ciki. Da ta matso sai farin ya gushe. Ruwan ɗorawa ce, mai datti, fatar cikinta na reto kamar rigar aro. Ba ta kula gaban motar inda malama ke magana ba. Ta bi ta gefe, hoton ya yi ta rawa saboda Edwin na binta daga taga zuwa taga, har can baya inda aka tara jakunkuna. Nan ta tsaya. Ta miƙe, ta dafa jikin motar, motar ta girgiza. Baƙin hancinta ya zo daidai wata 'yar kafa a ƙasan taga. Numfashinta ya cika zauren, ja da saki, ja da saki.

Aka ji muryar wani namiji, mai yi musu jagora, cikin faɗa da Turanci: wa ya shigo da abinci? An ce kada a shigo da komai mai ƙanshi, jakar waye wannan?

Sai muryar Edwin, ƙasa-ƙasa, dab da makirufo, da Hausa:

"Yesu. Shiton nan ne."

Mutum ɗari uku a zauren, ita kaɗai ta ji abin da ya ce.

Yara na tsalle suna tafi. Beyar ɗin ta ɗago ta dubi kyamara. Idanunta ƙanana ne, baƙaƙe, ba fushi a cikinsu, ba roƙo. Ta yi tafiyar nan duka saboda ƙanshin kicin ɗin Karama, ta zo, tana jira a miƙo. Muniratu ta aika sallahu ƙarshen duniya, kuma ga wanda ya fito karɓa.

"Ke, matsa gefe kaɗan! Kin tare mana."

Wani uba ne ke yi mata magana. Ba ta san lokacin da ta baro bakin ƙofa ba. Tana tsakiyar zauren, hasken na'urar na dukan bayanta, inuwar kanta da ɗankwalinta ta faɗa kan allon, baƙa ƙirin a kan dusar ƙanƙara, kusa da dabbar. Ta koma gefe ta jingina da bango.

An ɗauke jakar, ga alama. Beyar ɗin ta ƙara shinshinawa, ta sauka. Ta ɗan tsaya, sannan ta juya ta kama hanya. Edwin ya bi ta da kyamara. Malama na bayanin faɗin tafin ƙafarta, yara na ɗaga hannu da tambayoyi. Muniratu sawun take kallo. Manya ne, masu zurfi, a jere. Iska na kwaso gari-garin ƙanƙara tana zubawa a ciki. Kafin malama ta amsa tambaya ɗaya, na kusa da motar sun cike. Kafin ta amsa ta biyu, ba sawu, ba dabba. Allon ya koma yadda ya fara.

Dabba ce mai nauyin mutum biyar, da gashi, da kitse, a ƙasarta. Haka wurin ya shafe ta.

Tana tattara kunnuwan takarda daga ƙarƙashin kujeru wayarta ta yi ƙara. Edwin ne, da bidiyo. Ya rakuɓe a wani lungu na motar, hula har gira, gemunsa da farin ƙanƙara.

"Hajiya Muni, kin kusa sa a kore ni daga Kanada."

"Na gani."

"An kulle ƙunshin a akwatin ƙarfe. Mutumin nan ya zage ni tas." Ya yi 'yar dariya, ta mutu a hanya. "Tun shekaranjiya nake son kiranki. Na rasa ta inda zan fara."

"Fara."

Ya ce sun kwana a Winifeg, babban birnin, kafin su hau ƙaramin jirgi zuwa arewa. Ya je masallacin. Har takalmi ya cire. Babu sarkin zango, amma wani ya kai shi shagon kayan abincin Afirka, ya tarar da 'yan Gana suna shan shayi a baya. Ɗaya daga cikinsu, Sadiƙ, ɗan Kumasi, shi ma ta gonar nan ya shigo.

"Da tafin hannu biyu yake riƙe kofi, Hajiya. Ba yatsu. Sanyin daren ne ya cinye su, likita ya yanke sauran."

"Ya san shi?"

"Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce duk wanda ya tsallako sun san shi, don hanyar ɗaya ce kuma wurinsu take ƙarewa. Waɗanda ake tsinta in ƙanƙara ta narke, su ke wanke su su binne. Ya ce bai gan shi a cikin waɗannan ba, bai gan shi a cikin waɗancan ba. Akwai kogi a wurin. In ƙanƙara ta narke yana cika ya malale gonakin."

Muniratu ta zauna a kan wata ƙaramar kujerar yara.

"Beyar ɗin fa? Suna zuwa can?"

"A'a. Tsakanin nan da can ya kusa Akra zuwa Kano. Babu beyar a can, babu komai. Sanyi ne kawai."

"Amma haka wurin yake?"

"Na gani ta tagar jirgi. Yanzu ƙanƙara ba ta rufe shi ba tukuna. Sadiƙ ya ce a watan da suka shigo haka yake, fari, shimfiɗe. Ka ga fitila kamar ka miƙa hannu, ka yi ta tafiya ba ta matsowa."

Wani direba ya leƙo ya ce yalla, a yi sauri, motar ma'aikata za ta tashi. Ta ɗaga masa hannu.

"Me ya sa ba ka bar musu ƙunshin ba?"

"Kin ce a hannunsa."

Ta gyaɗa kai. Ya yi daidai.

"In za ka dawo, ta Winifeg za ka bi?"

"Ta can."

"Ka ba Sadiƙ ɗin. Suwaitar za ta yi masa. Ka buɗe masa kwalbar da kanka." Ta tsaya. "Ka ce sadaka ce."

Edwin ya cire hularsa, cikin sanyin nan. Ta kashe wayar.

Motar ta sauke ta a Karama. Shaguna a buɗe, masu jakunkuna na kiran masu wucewa, ƙanshin gasasshiyar kaza da turare, zufa na bin bayanta. Ba ta hau sama ba, ɗakin mutum shida ba wurin magana ba ne. Ta tsaya a gindin bene kusa da wani shagon ɗinki, ta kira gida. Yau Talata.

A Nima rana ba ta faɗi ba. Ta ji ƙarar babura, da wani yana kankare ƙasan tukunya.

"Muniratu? Lafiya, yau ba Juma'a ba?"

"Lafiya lau, Mma. Wanda na ba sallahu ya isa."

Kankarar tukunyar ta tsaya.

"Ya gan shi?"

"Bai gan shi ba. Ni na ga irin wurin, Mma, da idona."

"Yaya yake?"

"Babu kowa. Babu wanda za a tambaya."

Mma ta yi shirun nan nata. A wannan karon Muniratu ba ta taya ta ba.

"Ki aika wa liman. A shimfiɗa tabarma."

Ta ji numfashin tsohuwar, sau ɗaya, mai tsawo. Ba kuka. Sannan muryar ta yi nesa da wayar.

"Fatimah. Bar tukunyar nan. Wanke hannunki ki zo ki zauna."

Aka ji ruwa na zuba. Aka ji takun silifa, da jan kujera a kan siminti. Mma ta yi magana ƙasa-ƙasa, Muniratu ba ta ji kalmomin ba. Ba a kashe wayar ba, an dai ajiye ta a kan wani abu. Can sai wata 'yar ƙara ta ƙarfe a cikin kwanon silba, sannan wata, sannan wata. Fatimah ce ke zare awarwaronta don shiga takaba.